Majigi: Hoton Bature, Bakin Tafinta

Duk wanda ya zauna da dattawan Gaya ko Ajingi ya tayar da zancen majigi, zai ga fuskokinsu sun washe. Za su ba ka labarin motar da kan iso da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, a saki garmaho ta lasifika har gari ya taru. Amma fa tambaye su abin da manomin cikin hoton ya ce. Ba wanda zai tuna, domin bai ce kome ba.

Nan ne ƙorafina yake. Tun 1927 silima ta yi baki a Amurka da fim ɗin The Jazz Singer. A Ingila kuwa, a 1936, an yi Night Mail, gajeren fim a kan jirgin ƙasa mai ɗaukar wasiƙu, inda aka gwama waƙar W. H. Auden da kiɗan Benjamin Britten har suka bi takun jirgin sau da ƙafa. Watau Turawa sun riga sun san abin da sauti ke iya yi. Duk da haka, da suka kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da suke mulka a 1939, a ƙarƙashin William Sellers, tsohon jami'in tsafta a Ikko, galibin abin da suka aiko mana bebe ne.

Sellers yana da hujjarsa, wai idon baƙar fata bai saba da hoto mai motsi ba, saboda haka kada kyamara ta yi yawo, kada a yi saurin canja fage, a ja kome a hankali. Labarin ma kusan kullum ɗaya ne: mai wayo da wawa. Wannan ya bi shawarar malamin gona ya cika rumbu, wancan ya ƙi ya tashi a tutar babu. Mutumin da ya gaji noman gyaɗa da gero tun kaka da kakanni shi ake nuna wa yadda ake riƙe fartanya! Kuma a ƙasar da makaɗa ke bin 'yan gayya har gona suna zuga su, ba wanda ya ga dacewar a ɗauki wannan kiɗan a naɗe.

To, me ya sa mutane suka so majigi? A ganina tafinta ne. Shi ke riƙe da makirfo, shi ke sa wa mutanen cikin hoto magana. An ba shi takardar da zai karanta, amma tafinta gwani yakan zarce ta, ya laƙa wa wawan suna, ya jefa karin magana, ya yi wa marowacin gari zambo a fakaice, fili ya kece da dariya. Fim ɗaya, daren Gaya daban, daren Ajingi daban.

Lalle daga baya an sami sauyi, da Jihar Arewa ta mallaki nata sashen a Kaduna, aka fito da irin su Baban Larai, wanda har yau tsofaffi ke ambata, sa'an nan Adamu Halilu ya kai mu ga Shaihu Umar a 1976. Sai dai masu nazari sun fi bin faifan da aka adana a London, alhali rabin aikin yana bakin mutumin da ba a naɗi muryarsa ba. 'Yan'uwa ɗalibai da ke neman batun kundin digiri, waɗanda suka saurare shi suna nan a zaurukan Gaya da Ajingi, kuma kowace damina raguwa suke yi.