"An Raina Mu": To, Wa Ya Raina Ku?

Akwai wata jimla da masu horar da ƴan mata ƙwallon kwando suke so fiye da usur ɗin da ke rataye a wuyansu. Kafin a shiga fili sai a tara ƴan wasa kai da kai, mai horo ya sassauta murya ya ce: an raina mu, ba a ɗauke mu a bakin komai ba, ku shiga ku ba su kunya. Duk wanda ya taɓa tsayawa gefen teran a wasannin lakkol-lakkol ko na jami'o'i ya ji ta, da Hausa ko da Faransanci ko a gauraye. Ni karatun harshe nike, shi ya sa kunnena ya maƙale a kalmar farko, ƴar ƙaramar "an" ɗin nan. Ra'ayina shi ne jimlar tana cin wasa, amma tana cutar ƴan wasan, kuma cutar a cikin nahawunta take.

Mu fara ba ta haƙƙinta. Tana aiki, wallahi tana aiki. Yarinyar da aka ce mata ba wanda ke tsammanin komai daga gare ta, tsoron faɗuwa ya ragu mata, hannunta ya saki, ta jefa balo ba tare da rawar jiki ba. Ga kuma haushi, wanda ke sa a bi ƙwallon da ta kusa fita, a faɗi kan siminti a tashi ba a duba gwiwa ba. Mai horon da ba shi da kuɗi, ba shi da kayan aiki, yana da baki, kuma magana kyauta ce. Ban ga laifinsa ba in ya kama abin da ke hannunsa.

Sai dai salon ba namu ba ne, kuma ya kamata mu san inda ya fito. Amurkawa suna da kalma guda da ta ɗauke shi, underdog, wadda asalinta daga faɗan karnuka ne: karen da aka danne, yana ƙasa. Ku gwada ce wa ɗiyar Bagobiri karya a danne, ku ga ko za ku kwana lafiya. Faransanci ma aro yake yi, ya ce outsider, ko kuma petit poucet in ana maganar ƙaramin kulob a gasar kofin ƙasarsu. Mu abin da muke da shi karin magana ne: ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, raina kama ka ga gayya. Ku lura da wanda ake yi wa magana a cikinsu. "Ka" ne. Mai rainin ake kallo ido da ido ana ja masa kunne. Bahaushe bai tsaya lallashin wanda aka raina ba, ya nufi mai laifin kai tsaye. Haka kuma a fagen kokowa. Tun daga Kantu na Maraɗi, wanda ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, har zuwa ƴan kokowar yau, ba ka taɓa jin ɗan kokowa ya shiga fage yana kirarin cewa shi ba kowa ba ne. Kirari ɗaga kai ne. Tsibirin nan ma, ai waɗanda aka ci da yaƙi ne suka kafa ta, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, amma take da suka riƙe shi ne Gobir gidan faɗa.

Yanzu ga nahawun. A Hausa muna da wakilin suna wanda ba ya nuna kowa: an, aka (ko anka, yadda muke faɗa a nan), ana, za a, a. Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, mutum na huɗu yake kiran shi, bayan ni, kai da shi. Amfaninsa yana da yawa. Da shi muke ladabi: an wuni lafiya? Da shi matar kirki ke kauce wa sunan mijinta: an fita kasuwa. Da shi kuma muke rufa wa mai laifi asiri: an ɗauke wuta, an cinye kuɗin, an fasa tulu. Yaron da ya fasa tulun shi ke fara cewa an fasa. Jimlar tana da aikatau, tana da karɓau, amma gurbin aikau hayaƙi ne. To in mai horo ya ce an raina mu, ya ba ƴan mata ciwon, ya ɓoye musu wanda ya ji musu shi. Haushin da ya taso dole ya sauka wani wuri, kuma wurin da ya fi kusa shi ne ƴan mata biyar da ke ɗaya gefen fili, waɗanda su ma a nasu lungun an gama gaya musu an raina su. Ƙungiya biyu, kowacce ta zo da mayo na aro, suna huce haushi a kan juna, mai rainin na gaskiya yana ofis ko yana gida yana shan shayi.

A can inda salon ya fito, raini wani lokaci abin dariya ne. Ƙungiyar jami'ar South Carolina, wadda Dawn Staley ke horarwa, ta rasa duka ƴan wasanta biyar na sahun farko bayan kakar 2023, sai masu jera ƙungiyoyi suka sa ta ta shida kafin a fara sabuwar kaka. Ta shida, cikin ƙungiyoyi fiye da 300! Irin wannan ne ake iya juyawa a can a ce ba a yarda da mu ba. Suka yi wasa 38 ba su faɗi ko ɗaya ba, suka doke Iowa 87 da 75 a wasan ƙarshe na 2024, mutum kusan miliyan 19 suna kallo a talabijin, fiye da waɗanda suka kalli na maza a shekarar. In kana da ɗakin motsa jiki, da likita, da bus ɗin karatu, "an raina mu" yaji ne kawai a kan tuwon da ya riga ya dahu.

Kuma tuwon bai dahu da "an" ba. A 1972 aka yi dokar da ake kira Title IX, wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji, har da wajen wasanni. A watan Maris na 2021, wata ƴar wasan jami'ar Oregon, Sedona Prince, ta ɗauki bidiyo da wayarta a San Antonio, inda ake gasar mata: ga ƴan ƙarafan ɗagawa ƙwaya kaɗan da aka ajiye wa mata, ga kuma katafaren ɗakin da aka shirya wa maza a tasu gasar. Ba ta ce an raina mu ba. Hukumar NCAA ta nuna da yatsa, hukumar da ke shirya gasar. Cikin kwanaki aka kawo kaya, aka sa lauyoyi suka yi bincike, a shekara mai zuwa aka ƙara ƙungiyoyin mata suka kai 68 kamar na maza. Jimla mai aikau ke nan, kun ga abin da ta haifa.

Na san abin da wasunku za su ce: D'Tigress fa? Ƴan matan Najeriya, maƙwabtanmu, ai su ne hujjar cewa raini na haifar da gayya. A Paris, a 2024, an ruwaito cewa wani jami'in tawagar ƙasarsu ya hana su hawa jirgin ruwan bikin buɗe gasar Olamfik, wai ya cika. Bayan kwana uku suka doke Ostareliya 75 da 62, suka doke Kanada 79 da 70, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen ƴan takwas a ƙwallon kwandon Olamfik. Mai horar da su, Rena Wakama, aka zaɓa gwarzuwar masu horo ta gasar. Duk gaskiya ne, kuma ni ma na yi ihu. Amma ku tambayi inda aka ƙera su. Wakama a Raleigh aka haife ta, a jami'ar Western Carolina ta yi wasa. Ezinne Kalu daga Savannah State ta fito, Amy Okonkwo daga TCU. Filayen da dokar 1972 ta gina su ne suka horar da hannuwan da suka ci Ostareliya. Ku kuma tuna 2022, lokacin da gwamnatin Najeriya ta janye ƙasar daga wasannin duniya saboda rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando: ƴan matan sun riga sun ci tikitin gasar kofin duniya ta Sydney, aka ba Mali gurbinsu. Haushi nawa ne zai sa ka ci wasan da ba a bar ka ka shiga ba?

Mu dawo gida, inda abin ya fi damuna. Ɗalibar da ke son basket a Maraɗi, ko mai zuwa daga Tsibiri ko Jiratawa, ba ta bukatar mai horo ya tuna mata an raina ta. Da shi ta tashi da safe. Teran ɗin da muke zuwa (ba zan faɗi na wace makaranta ba) allon kwandonsa guda a karkace yake, kuma samari ke riƙe da shi daga la'asar sakaliya har magariba, lokacin da rana ta yi sanyi. Mata sai su samu tsakar rana, ko su samu dab da magariba, lokacin da ya kamata a ce suna gida. Kuɗin kabu-kabu daga aljihunsu. Wandon da za su sa abin magana ne a unguwa. A ƙasar da ƙididdigar UNICEF ta ce kashi 76 cikin ɗari na ƴan mata ana yi musu aure kafin shekara 18, kuma jiharmu ta wuce wannan adadin, duk wadda ta kai jami'a da balo a hannu ta riga ta tsallake rijiya da baya. A ce wa irin wannan yarinya ta mai da raini man fetur, kamar ka ce wa mai yunwa ya gode wa yunwa ne don tana sa shi sauri.

Ga kuma tarkon da ke ciki. In sun faɗi, sai a ce ba su sa zuciya ba, tun da an riga an gaya musu zuciya ce makaminsu. Ba wanda zai ambaci allon da ya karkace. In sun ci, sai mai kujera ya zo ɗaukar hoto, ya ce kun gani, ko ba komai ƴan matanmu na iyawa. Nasarar ta zama shaidar cewa ba sai an gyara komai ba. Shi ma mai horon ya shiga ƙunci, don injin da ya saba da raini, ran da aka fara girmama shi sai ya mutu. Shi ya sa za ka ga ƙungiyar da ta ɗauki kofi sau biyu tana ta laluben wanda ya harare ta.

A ajin nahawu akwai wani aiki da ake ba mu, a ce ka sake jimla ka fito da aikau fili. Na gwada shi da jimlolin da nike ji a gefen teran. An hana mu fili da yamma: ƙungiyar maza ce ta hana, kuma mai kula da wasanni na makarantar ya gani ya yi shiru. Ba a ba mu kuɗin tafiya ba: akwai wanda ya sa hannu a takardar kasafi, yana da suna, ofishinsa yana da ƙofa. An hana ta zuwa horo: babanta ne, ko yayanta, ko wanda ya kai kuɗin gaisuwa. An yi musu ihu da fito har wata ta rufe fuska ta bar fili: wannan kam ba sai an je ofis ba, waɗanda suka yi suna cikin ajinmu, wasunsu ma sun ba da dala ashirin aka buga wanga ɗan littafi.