Mazda RX-8: "Model Nawa Ce?" Tambaya Ce Mai Kyau, Amma a Fitila Muke Neman Amsarta

In ka taɓa tsayawa wajen cinikin mota 'yar Kwatano, ka san tambayar farko: "Model nawa ce?" Dillali ya ce 2009, sai a duba fitila da bamba, a gyaɗa kai, a shiga maganar kuɗi. A Corolla ko Camry wannan sakacin bai cika kai mutum ƙasa ba, don injin yana da haƙuri. Amma akwai motar da shekararta ke nufin wani abu a can cikin inji, inda ido ba ya gani. Ita ce Mazda RX-8, 'yar tseren nan mai ƙofa huɗu da ke ɗaukar idon matasa a hotunan dillalai a Facebook. Kafin kuɗin masarar da aka sayar a Dandume ko na audugar bana su tafi a kanta, bari mu auna ta.

Injinta ba shi da fistin. Bajamushe Felix Wankel ne ya ƙirƙiro shi, aka fara tayar da samfurinsa a kamfanin NSU a 1957, Mazda kuma ta sa shi a motarta Cosmo Sport a 1967. Ka ɗauki ɓawon gyaɗa mai ƙwaya biyu, to kusan haka siffar gidan injin take. A ciki wani ƙarfe mai kusurwa uku ne ke juyawa, kowane gefensa yana shan iska da fetur, ya matse, wuta ta kama, ya fitar da hayaƙi. RX-8 tana da irin wannan majuyi guda biyu, girmansu a haɗe lita 1.3 kacal, amma mai giyar hannu tana ba da ƙarfin doki sama da 230, tana kuma kai juyi 9,000 a minti.

Lagon injin yana bakin kusurwoyin nan uku. A kowace kusurwa akwai siririn ƙarfe, wato sil, mai gogar bango don kada matsi ya zurare. Aikin ringi yake yi, sai dai ba ya samun baƙin mai daga ƙasa kamar ringi. Dole a riƙa ɗiga masa mai a cikin ɗakin ƙonewa, man ya ƙone tare da fetur. Wanda ya san ƙaramin janareta da ake haɗa wa fetur da baƙin mai ya riga ya gane zancen. Saboda haka shan baƙin mai a RX-8 ba ciwo ba ne, haka aka ƙera ta.

Yanzu ga bambancin shekaru, bisa motocin kasuwar Amurka, inda aka sayar da ita daga model 2004 zuwa 2011.

A 2004 da 2005, otomatik ɗin giya huɗu gare ta, da inji mai ƙofofin shan iska huɗu da ƙarfin doki 197. Mai giyar hannu kuwa ƙofofi shida gare ta. Waɗannan na farko sun yi ƙaurin suna wajen ƙin tashi: ka tayar da ita da sanyin safiya, ka matsar da ita ƙofar gida, ka kashe, sai fetur ya jiƙe fulogi ta ce ba ta san zance ba. Kik ɗinsu ma ba shi da saurin juyi, shi ya sa daga baya aka sauya shi da mai ƙarfi.

Daga 2006, otomatik ta koma giya shida, aka ba ta inji mai ƙofofi shida, ƙarfinta ya hau 212. Wannan gyara ne na gaske, amma jikin motar kusan bai sauya ba. Kai da ke duba fitila ba za ka bambance 2005 da 2006 ba.

Babban gyaran ya zo a model 2009. Kafin nan, bututu biyu ne ke ɗiga wa kowane majuyi mai, kuma tsakiyar sil ɗin ba ta samun rabonta sosai. A 2009 aka ƙara na uku a tsakiya, aka sauya famfon da ke auna man. An kuma taɓa giyar baya don ta fi saurin ɗauka, aka sauya fuska da fitilu.

A nan nake da suka guda biyu.

Ta farko kan Mazda ce. Kamfanin da ya shekara fiye da 30 yana ƙera wannan inji, wanda motarsa 787B ta ci tseren Le Mans na Faransa da shi a 1991, bai kamata ya ɗauki shekara biyar kafin ya gyara shayar da sil ba. Da kansa ya tsawaita garantin injin motocin 2004 zuwa 2008 a Amurka zuwa shekara 8 ko mil 100,000. Ba a yin haka don inji mai lafiya. Wannan garantin kuma ya daɗe da ƙarewa, bai taɓa tsallako teku ya zo Funtua ba.

Ta biyu kanmu ce. Mun mayar da "model" ado. Kowa ya san ana sauya wa mota bamba da fitila a ce an ɗaga shekararta. Fitilar 2009 a jikin 2005 ba ta ƙara bututun mai na uku. Maganin yana lambar shasi: a motar Amurka, ƙirga zuwa gurbi na goma. 4 na nufin 2004, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011. In aka ce maka 'yar Amurka ce ta 2012, to ka riƙe kuɗinka. Na ƙarshe da aka ƙera a 2012, masu suna Spirit R, na kasuwar Japan ne, sitiyarinsu a dama yake.

To, 2009 ɗin ta warware komai? A'a. Ɗakin ƙonewar dogo ne siriri, zafi na tserewa ta bango, wani fetur ɗin ma ba ya ƙonewa duka. Wannan matsalar siffa ce, ba ta shekara ba. Ƙiyasin hukumar muhalli ta Amurka mil 16 ne a galan cikin gari, wato ƙasa da kilomita 7 a lita. Hayaƙinta ne ma ya fitar da ita daga kasuwar Turai a 2010. Da Mazda ta dawo da injin a 2023 cikin MX-30, ba taya yake juyawa ba, batir yake caji.

Ka ɗora wannan kan yanayinmu. Ƙurar hunturu in ta wuce matatar iska, sil take ci. Zafin bazara yana gwada lagireto, injin nan kuma ba ya yafe zafi ko sau ɗaya. Cikinta a ƙasa yake, ba don hanyar gona aka yi ta ba. Sannan ma'aunin matsi da bakanike ke amfani da shi a injin fistin ba ya nuna lafiyar kowane gefe na majuyi, akwai na'urarsa daban.

Hukuncina: in dole sai RX-8, nemi 2009 zuwa 2011, ka tabbatar ta lambar shasi. Ka tayar da ita tana sanyi, ka zaga ta yi zafi, ka kashe, ka sake tayarwa nan take. In ta yi nawa da zafinta, matsi ya fara zurarewa, ko shekarar me aka rubuta a takarda. In kuma ba ka san wanda zai buɗe injin ba ranar da ya tsaya, daga nan har Zariya ko Kano, ka sani ba mota kake saya ba, hoto ne mai tsada.