Sharhi a Kan Rarrabe Garkunan Kifi Ta Hanyar Siffar Tsakuwar Kunne

Gabatarwa

A wannan takarda za mu duba wata hanya da masana kifi suke bi don rarrabe garkunan kifi, wato auna siffar tsakuwar kunne. Abin da muke nufi da garke shi ne rukunin kifaye 'yan jinsi ɗaya waɗanda suke hayayyafa a wuri ɗaya, ba su cika cuɗanya da wani rukunin ba. Sanin garke muhimmin abu ne, domin a kansa ake yanke yawan kifin da za a bari masunta su kama. Idan aka haɗa garke biyu a lissafi ɗaya, ana iya ƙarar da ƙaramin ba tare da an ankara ba.

Tsakuwar Kunne

Mutane sukan kira ta ƙashin kunne, amma a gaskiya tsakuwa ce ta sinadarin alli da take cikin kunnen kifi, tana taimaka masa wajen ji da daidaita tsayuwarsa cikin ruwa. Iri uku ce, kowane iri ɗaya a dama ɗaya a hagu. Tana ƙaruwa muddin kifin yana raye, kuma jiki ba ya narkar da abin da ya riga ya taru a kanta, saɓanin ɓawon kifi. A 1971 Pannella ya nuna cewa har zobe na kowace rana ana iya gani a jikinta. Masu auna siffarta sukan ɗauki hotonta, su mayar da zagayen bakinta lambobi ta hanyar lissafin Fourier, sa'an nan su gwada na wannan wuri da na wancan.

Aikin Campana da Casselman

Aikin da aka fi ambata a wannan fage shi ne na Campana da Casselman, wanda ya fito a Kanada a 1993, shekara guda bayan an hana kamun kifin kod a gaɓar Niyufanlan saboda ƙarewar da ya yi. Sun tattara kod daga wuraren hayayyafa daban-daban na arewa maso yammacin Tekun Atlantika, suka auna tsakuwoyin nan uku. Sun gano cewa babbar cikinsu ta fi bayar da bambanci. Abin da ya fi burge mu a aikin shi ne yadda marubutan suka faɗi raunin hanyar da kansu: bambancin siffar ya fi bin saurin girman kifi a kan asalin garkensa.

A ganinmu nan ne gizo yake saƙa. Saurin girma ya dogara ga ɗumin ruwa da yawan abinci. Ke nan garke biyu da suke girma daidai za su iya fitowa da siffa ɗaya, kuma kama da wane ba ta wane. Haka nan garke ɗaya da ya rabu, wani sashe ya sami abinci wani bai samu ba, zai iya bayyana kamar garke biyu. Da yawa daga cikin waɗanda suka biyo baya sun ɗauki dabarar awon, suka bar wannan gargaɗi. Da zarar lissafi ya nuna bambanci sai su yanke hukuncin cewa sun sami garke biyu.

Abin da Ya Biyo Baya

Ba za mu ce gado ba shi da hannu ba. A 2004 Cardinale da abokan aikinsa sun duba kod na garke biyu daga Tsibiran Faro waɗanda aka rena a yanayi ɗaya, suka tarar siffar tsakuwarsu ta bambanta. Sun kuma tarar 'yan garke ɗaya sun bambanta idan yanayin renonsu ya bambanta. Wato gado da wurin zama duka suna aiki, kuma hoton tsakuwa shi kaɗai ba zai faɗi rabon kowanne ba.

Inda hanyar ta yi amfani sosai shi ne Tekun Baltik. A can akwai kod na gabas da na yamma, suna cuɗanya a yankin Arkona. An fara tabbatar da asalin wasu kifaye ta gwajin ƙwayoyin gado, aka riƙe siffar tsakuwarsu a matsayin ma'auni, sa'an nan daga 2015 aka riƙa raba lissafin kamun da aka yi a yankin tsakanin garkunan biyu. Awon siffa ya fi gwajin gado araha, kuma ana iya komawa ga tsofaffin tsakuwoyin da aka adana shekaru da dama. Sai dai girman kod na gabas ya ragu ƙwarai, don haka ma'aunin da aka kafa jiya yana bukatar a sake gwada shi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ganin sharuɗɗa uku sun wajaba. Na farko, a gwada kifaye masu tsawo da shekaru kusan ɗaya. Na biyu, a ɗauko samfurin ma'auni a wurin hayayyafa kuma a lokacinta, sa'ad da garkuna suke rabe. Na uku, a tabbatar da sakamakon da wata shaida, kamar gwajin gado ko sa wa kifi alama. Ga masu niyyar gwada hanyar a Tafkin Kainji ko Tafkin Chadi akwai ƙarin abin lura: a jikin tarwaɗa da danginta, tsakuwar da ta fi girma a kod ƙarama ce, saboda haka tilas a fara tantance wadda za a auna kafin a ari ma'aunin da aka kafa a kan kifin wani teku.