Wa Ya Fi Kusa Da Manta Hausa: Shaihu Umar Ko Uwarsa?

Littafin Shaihu Umar na marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa zama ajin Hausa. Tun da aka buga shi a 1934, bayan gasar nan da Dokta Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, masu sharhi suka yi ta juya shi ta fuskar bauta da haƙuri da ƙaddara. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Amma akwai wata tambaya da ya kamata mu ɗaliban harshe mu yi wa littafin, watau da wace irin Hausa Shaihu ya ba almajiransa labarinsa a Rauta?

Mai karatu zai tuna cewa Umar yana yaro ƙarami aka raba shi da uwarsa, ya bi ta hannu daban daban har ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim a Kano, aka ƙetare hamada da shi zuwa Ber Kufa. Can ya tashi, can ya yi karatu, can ya zama malami. Duk da haka sai ga shi yana zuba Hausa tatacciya, ba gargada, kamar bai taɓa barin Kagara ba. To, a 2003 Christophe Pallier da abokan aikinsa sun gwada mutum 8 'yan asalin Koriya waɗanda Faransawa suka ɗauka riƙo suna tsakanin shekara 3 zuwa 8. Da suka girma aka karanta musu jimlolin harshen Koriya, ba su iya bambanta su da na wasu baƙin harsuna ba. Harshen yaro ɗanyen tubali ne, ruwa kaɗan ke narkar da shi.

Ana iya kare mawallafin. Abdulkarim ɗan kasuwa ne mai zuwa Kano, kuma bayi masu jin Hausa ba su yi ƙaranci a arewacin Afirka ba. Tremearne, a littafinsa na 1914, ya tarad da Hausawa suna bori a Tunis da Tarabulus. Ƙila kuma Shaihu ya sake koyon harshen bayan ya komo. Duk na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce wannan ba abin labari ba ne. Littafin da ya ƙidaya mana duk abin da bauta ke ƙwace wa mutum, uwa da gari da 'yanci, bai sa harshe a cikin lissafin ba.

Uwar Umar ita ce ta fi damuna, domin ita da girmanta ta bar gida, aka yaudare ta, aka sayar, ta bi ta Murzuk har Tarabulus. Irinta ne muke da su da yawa a yau, ko da yake ba sarƙa ta fitad da su ba. A ɗauki ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Tsanyawa da Bichi. Wannan yanki yana jikin ƙasar nan mai cunkoson gonaki da Michael Mortimore ya yi nazari tun cikin shekarun 1960, inda kusan ba a barin gona ta huta, sai dai a yi ta kai mata taki. Gado yana raba gona, gona ba ta ƙaruwa, saboda haka mazaje ke fita. Wani ci-rani ne, ya komo da ruwan farko. Wani kuwa ya zarce Agege ko Sabon Ibadan, wani Jidda, ya shekara 20 ko 30. Hanyar gabas ma tsohuwa ce: bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno ya kai ragowar jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru bakin Nilu, daga baya kuma gonakin auduga na Jazira, da aka buɗe a 1925, suka riƙe dubban maniyyata waɗanda ba su ƙarasa Makka ba, ba su kuma komo gida ba. Farfesa Al-Amin Abu-Manga ya rubuta littafi guda a 1999 kan yadda Hausar Sudan ke rusuna wa Larabci.

In irin wannan mutum ya dawo ƙauye, abin da aka fi yi shi ne dariya. Ya ce kalas, ya ce yalla, ya kira mota sayyara, sai a ce Alhaji ya manta Hausa, ko kuma a ce yanga ce, so yake a san ya je Makka. Masu wasannin barkwanci ma a nan suka tsaya: ɗan Ikko mai cewa oga, da Hajiya mai Larabcin kasuwa. Ni kuwa ina ganin an dubi inda ba nan ciwon yake ba. Aron kalma ba mantuwa ba ne. Wanda ya ce sayyara ya san mota sarai, bakinsa ne ya riga shi. Mantuwar tana wani wuri, kuma ba ta da ƙara.

Ku bi shi gona ku gani. Zai ce a yi noma, alhali manomi ya san akwai firi, akwai maimai, akwai huɗa. Zai ce an yi shuka, bai ce binne aka yi ba, watau wadda ake yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Zai ce dawa, ba ya rabe ƙaura da farfara. Zai ce wake, ɗan ila da kanannado duk ɗaya ne a bakinsa. Ya ga layin dawa ya ratsa na gero, ya san abin, ya yi shi da hannunsa yana saurayi, amma kalmar gicci ta ƙi zuwa. Sai ya ce "abin nan", ya yi nuni da hannu. Hajiya kuma da ta shekara 25 tana sayen garin buhu a Jidda sai ta haɗa sussuka da shiƙa da surfe da bakace ta kira su gyaran hatsi. Babu kuskure ko ɗaya a maganarsu. Nahawunsu lafiya lau, ba su sauya jinsin rana ko na wata ba, karin sautinsu bai goce ba. Babbar kalma ce ta haɗiye ƙananan, kamar yadda babban kifi ke yi a kududdufi.

Abin da masana suka gano ke nan tun da aka fara nazarin zaizayar harshe gadan-gadan, bayan wani taro a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka a 1980. Wanda ya bar gida bayan ya balaga da wuya ginin jimlarsa ya rushe. Abin da ke yi masa nauyi shi ne lalubo kalma a kan kari. Michel Paradis ya bayyana dalili: duk kalmar da aka daɗe ba a taɓa ba sai ta daɗa nitsewa, kishiyarta ta ɗaya harshen kuwa, da yake kullum ana kiranta, tana nan a bakin ƙofa. Shi ya sa ganewa ta fi furtawa sauƙi. Ka ce wa Alhaji "gicci", nan take zai ce "Yawwa, shi!" Kalmar ba ta fita daga rumbu ba, tana can ƙasa ne, dammuna sun danne ta. Akwai ma gwaji mai sauƙi da ake yi: a ba mutum minti 1 ya lissafa sunayen dabbobi ko na 'ya'yan itace iyakar iyawarsa, a gwada da na wanda bai bar gida ba. Mai hijira yakan kasa kaɗan, ba da yawa ba. Da wani cikinmu zai yi wannan a kasuwar Ɗambatta, da sunayen ciyayin gona ko na kayan masaƙa, da ya sami abin rubuta kundi.

Sai dai fa in za a yi gwajin, a yi hattara da wanda za a auna Alhaji da shi. Ƙauyen ma bai tsaya yana jiransa ba. Saurayin da ke feshin maganin ciyawa ba lalle ne ya damu da bambancin firi da maimai ba, yarinyar da ke kai hatsi inji ba ta san wahalar dutsen niƙa ba balle sunan ɗansa. Sau da yawa tsohon da ya shekara 30 a Sudan shi ne zai fito da wata kalma da aka daina ji a gida, yara su yi masa dariya, su ce Larabci ne, alhali tana nan cikin ƙamusun Bargery na 1934. Mu kanmu da ke cikin jami'a, mutum nawa ne a ƙungiyar nan za su iya bambanta sungumi da magirbi, ko harawa da karmami, ba tare da sun yi jim ba? Ba mu ƙetare ko kogin Kwara ba, Turanci ya yi mana abin da Larabci ya yi wa Alhaji.

In koma kan uwar Umar. Akwai wani bincike da ya shafe ta kai tsaye. A 2002 Monika Schmid ta buga nazarin hirarraki 35 da Yahudawan birnin Dusaldof na Jamus waɗanda suka gudu Ingila da Amurka a zamanin Hitila. Ta tarad da cewa waɗanda suka fita a ƙarshe, bayan ɓarnar Nuwamba ta 1938, watau waɗanda suka fi shan azaba, su ne Jamusancinsu ya fi zaizayewa. Ashe ba yawan shekaru kaɗai ke cin harshe ba, har da abin da zuciya ta ƙulla game da masu harshen. To, ita wannan baiwar Allah, waɗanda suka kori mijinta Makau masu Hausa ne, waɗanda suka sace ɗanta masu Hausa ne. A ɗaya gefen kuma, da Hausa take tuna ɗan, da ita take yi masa addu'a. Wanne zai rinjaya? Wannan kokawa ce da marubuci zai iya nunawa da kalma ɗaya da ta maƙale a maƙogwaro.

Ga kuma wurin da ya dace da ita, Tarabulus, ranar da uwa da ɗa suka gamu bayan shekaru masu yawa, ita kuma ajalinta ya kusa. Shi malami ne da Larabci ya raina, ita baiwa ce da ta tsinci Larabcin madafa. Da Tafawa Ɓalewa ya bar Shaihu ya nemi sunan da yake kiranta da shi yana goye ya rasa, ita ta tuna masa, da ba sai an gaya wa mai karatu tsawon rabuwar ba. Mawallafin bai fi shekara 22 ba sa'ad da littafin ya fito, ga shi kuma hukumar da ta shirya gasar littattafan karatun makaranta take nema, masu Hausa miƙaƙƙiya. Wannan uzuri ne gare shi. Marubutanmu na yanzu, waɗanda jirgin Jidda ke sauke musu irin waɗannan mutane a filin jirgin Malam Aminu Kano, ba su da shi.