Katin Bita a Wayar Salula: Ina Aka Kwana?

Mai karatu, in kana da babbar waya irin ta shafawa, wataƙila wani ya taɓa yi maka tallar wata manhaja mai suna Anki, ya ce da ita za ka koyi Faransanci ko Turanci ko Larabci ba tare da ka durƙusa gaban malami ba. Maganar koyon harshe kuwa ta ƙara zafi a nan Yamai tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Turanci su zama harsunan aiki. Bahaushe na neman Faransanci don aiki, wanda ba Bahaushe ba na neman Hausa, mai jin Hausa tun daga nono kuma yana son ya iya rubuta ta. Shi ya sa na ga ya kamata mu ɗora manhajar nan bisa sikeli, kafin wani ya zuba kuɗinsa, ko kuɗin ƙungiyarsu, wajen sayen wayoyi dominta.

Abin da ke cikinta ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa koyarwa. Kati ne, gabansa tambaya, bayansa amsa. Ka duba gaba, ka faɗi amsa a ranka, ka juya ka ga ko ka dace. Sabon abu ɗaya ne: manhajar ce ke zaɓar ranar da kowane kati zai sake fito maka.

Wannan zaɓen rana yana da tarihi. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya yi ta haddace gaɓoɓi marasa ma'ana yana auna yadda suke zube masa, ya buga abin da ya samu a 1885. Ya ga mantuwa da gudu take farawa: kwana ɗaya kawai, abin da ya rage masa bai fi sulusi ba, daga nan sai zubewar ta lafa. Ya kuma ga bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka dunƙule a zama ɗaya. Alarammomin tsangaya ba su jira Bajamushe ba, ka san da haka. Yaro ba ya wanke allo sai ya biya, bayan ya wanke kuma akwai tishi, gardi kuwa ba ya rabuwa da tilawa don kada hadda ta gudu. Abin da Turawa suka ƙara shi ne lissafi. A 1972 wani ɗan jarida, Sebastian Leitner, ya fito da akwatin kati mai ɗaki biyar: katin da ka sani ya matsa ɗaki na gaba, wanda ka manta ya komo na farko. A 1987 wani ɗalibi a ƙasar Folan, Piotr Woźniak, ya ɗora aikin bisa kwamfuta. A lissafinsa, katin da ka sani zai dawo bayan kwana 1, sannan bayan kwana 6, daga nan a riƙa ninka tazarar sau biyu da rabi: kwana 15, kwana 38, haka har ta kai watanni. Da wannan lissafi, bayan ƴan gyare-gyare, Damien Elmes, mutumin Ostareliya mai koyon Japananci, ya gina Anki a 2006. Sunan ma da Japananci hadda yake nufi.

Aikin bai tsaya nan ba. A ƙarshen 2023 aka shigar da wata sabuwar dabarar lissafi mai suna FSRS, wayoyin Android suka same ta a 2024. Ita wannan ba ta yi wa kowa awo da mudu ɗaya. Tana duba tarihin amsoshinka, ta ƙiyasta ranar da kati ke gab da kuɓuce maka, ta kawo shi a lokacin. Kai ne za ka faɗa mata nawa kake son riƙewa cikin ɗari. In ba ka taɓa kome ba, 90 take nema. Ta wajen lissafi dai an yi nisa ƙwarai, ba ni da ta cewa.

Kuma a gaskiya akwai abin yabo. A wayar Android kyauta ce, masu iPhone ne ke biyan kusan dalar Amurka 25. Ba ta bukatar intanet in kati ya riga ya shiga waya, ana kuma iya tura damin kati daga waya zuwa waya kamar yadda ake tura waƙa. Babban alherinta gare mu kuwa shi ne murya. Ka san rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya. Rubuta "gari" ka ba baƙo: na tuwo ne ko na zama? Rubuta "wuya": ta aiki ce ko na rataya laya? "Kuka" fa, ta miya ce ko na jariri? Bayan taron Bamako na 1966 Nijar ta ɗauki ninka wasali, shi ya sa tsofaffin jaridun yaƙi da jahilci ke ɗauke da suna irin Gangaa, amma bayan taron Yamai na 1980 aka daidaita rubutu da na Nijeriya, aka bar ninkawar. Bahaushe ba ya ɓata, jimla na yi masa ja-gora. Bazabarme ko Bature mai koyon Hausa shi ke faɗawa rami. To katin waya yana ɗaukar murya da hoto, malami ya faɗi kalmar da bakinsa a naɗa, ɗalibi ya saurara sau goma ba wanda zai gaji da shi. Katin kwali bai iya wannan ba, ƙamus ma bai iya ba. Ga ɗalibin jami'a, ko ma'aikacin da ya riga ya iya karatu yana neman ƙarin kalmomi, ban san abin da ya fi ta ba a wannan farashi.

Sai dai masu zuwa ajin manya ba ɗaliban jami'a ba ne, nan kuma ne manhajar ke fara ɗingishi.

Bayan an juya kati, maɓalli huɗu ke fitowa, ma'anarsu: a sake, da wuya, daidai, da sauƙi. Ɗalibi ne zai yanke wa kansa hukunci ya danna. Duk lissafin nan da muka yaba, a kan wannan dannawa ya dogara. In ka danna "daidai" alhali ka manta, manhajar ba ta da ido, za ta ɗauke katin ta kai shi gaba. Duk wanda ya tsaya gaban ajin manya ya san abin da ke faruwa in aka ce "kun gane?" Kowa ya gane. Ba ƙarya ba ce, kunya ce, da kara ga malami. Dattijon da jikansa ke riƙe masa waya ba zai danna jan maɓalli sau biyar a jere yaro na kallo ba. Ban da kunya ma, sabon ɗalibi bai san bambancin "na sani" da "na taɓa gani" ba. Yana ganin amsa sai ransa ya ce ai da ma ita ce. Malami ne ke kama irin wannan, ta hanyar rufe littafi ya ce faɗa mini. Sannan rubutun maɓallan da na sauran ƙofofin manhajar, ko an juya shi daga Turanci zuwa Faransanci ko Larabci, mutumin da ke kan baƙaƙensa na farko ba zai karanta shi ba. An ba shi tsani, amma matakalar farko tana can sama da kansa.

Ga kuma bashi. Manhajar na zuwa a shirye da sabon kati 20 kowace rana, masu ita da kansu sun yi gargaɗi cewa mai tafiya haka zai kai ga bitar kati kamar 200 a yini. Kati ba ya sanin an yi rasuwa a gida, ba ya sanin wuta ta ɗauke waya ta mutu. In ka yi fashin mako biyu, duk wanda ranarsa ta zo yana nan tsaye yana jiranka. Ajinmu na karkara kuwa da rani yake ci, ruwa na sauka kowa ya nufi gona. Manomin da ya ajiye waya a watan Yuni ya buɗe ta bayan girbi zai tarar da ɗaruruwan kati sun yi masa layi. Mutum ya ga haka sau ɗaya, ba sai an ce masa ya bari ba. Haka nan lissafin na kai ɗaya ne. A gidan da waya ɗaya ce, in maigida da uwargida suka yi bita da dami ɗaya, manhajar za ta haɗa ƙwaƙwalwa biyu ta yi musu awo ɗaya, ba ta yi wa kowa daidai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ake rubutawa a katin. Anki fanko take zuwa, kamar sabon kaye. Ko ka rubuta naka, ko ka ɗauko na wani. Mai gaggawa kuwa sai ya buɗe ƙamus ya yi ta kwafa, kalma a gaba, kalma a baya. Ɗauki lissafin kuɗi. Kati ya ce "cent" ɗari ne, gaskiya ne. Ɗalibi ya shiga kasuwar Katako aka ce masa "cent francs", shi kuwa da dala yake ƙidaya, dala ashirin ke nan. Dala ɗari kuma "cinq cents" ce. Mai tallar da ya haddace katin nan daram zai yi asara da iliminsa. Kati mai amfani shi ne wanda ya ɗauko jimlar ciniki sukutum, da farashi a harsunan biyu. Wannan kuwa sai wanda ya san kasuwar, ya san ɗalibin.

Wace Hausa ma za a sa? Yawancin abin da ke yawo a intanet da Hausar Kano aka rubuta shi. Ba laifi ba ne, amma mutumin Tawa da ke cewa lakkol, da lokotoro, da kamiyo, zai ga kamar ana gyara masa harshen uwarsa. Mu muna rubuta ƴaƴa da ƙugiya, maƙwabtanmu suna rubuta 'ya'ya. A irin katin da ake buga amsa da yatsa, manhajar baƙi da baƙi take gwadawa, za ta ja maka jan layi a kan abin da ka rubuta daidai bisa ƙa'idar ƙasarka. Wayoyi da yawa ma sai an shiga an ƙara musu madannan Hausa kafin su ba da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Mai yin kati ya yi kasala ya bar ƙugiya, sai ƙafa ta zama kafa, baƙi ya zama baki, a yi ta maimaita wa ɗalibi kuskure a kan kari, daidai ranar da ya kusa mantawa da shi.

Mun taɓa gwada waya a ajin manya a ƙasar nan, kuma an auna. A 2009 da 2010 ƙungiyar agaji ta CRS ta buɗe azuzuwa a ƙauyuka sama da 100 na jihohin Doso da Damagaram, da Zabarmanci da Hausa. A rabin ƙauyukan aka ƙara darasin waya, shirin da aka kira ABC, wanda Jenny Aker ta jami'ar Tufts a Amurka da abokan aikinta suka bi diddigi. Ƙananan wayoyi ne masu madanni, ɗaya ga mutum biyar, babu wata manhaja. An nuna wa mutane inda baƙaƙe da lambobi suke, da yadda ake aika gajeren saƙo. Da aka yi jarrabawa, masu waya sun fi sauran a rubutu da lissafi, watanni bayan rufe aji kuma ratar lissafi na nan. A ganina dalilin a fili yake: wayar ta ba su abin yi da rubutu. Mutum na son ya aika wa ɗansa da ke ci-rani saƙo da araha, yana son ya san farashin hatsi, sai ya riƙa taɓa baƙaƙe ba don malami ya ce ba. Katin bita bai da wanda ke jiran amsa a ɗaya gefen. Yana horar da ido ya gane, ba ya horar da hannu ya rubuta, kuma mun sha ganin ɗalibin da ke rera ba, be, bi, bo, bu tiryan-tiryan idonsa na kan rufin ɗaki.

In kana cikin samarinmu masu ilimin kwamfuta da ke tunanin ƙera mana tamu, kada ka ɓata dare wajen lissafin tazara. An gama wannan, kuma Anki da FSRS duk a buɗe suke, kowa na iya ɗauka ya yi gini a kai. Aikin da ya rage na ƙafa ne. A bi kasuwanni da asibitoci da tashoshin mota a naɗo jimlolin da mutane ke bukata, da muryar mace da ta namiji. A rage maɓalli su koma biyu, su yi magana da baki. A bar waya ɗaya ta san mutum biyar, kowa da hotonsa. A koya mata damina, ta yafe bashin wata huɗu ta sake shigo da kati kaɗan-kaɗan. Ɗalibi kuma ya zana baƙin da yatsa kafin a nuna masa amsa.

Kafin nan, malamin ajin da ba shi da waya ko ɗaya ba a bar shi baya ba. Akwatin Leitner kwali ne aka raba biyar, faɗin ɗakunan santimita 1, 2, 5, 8 da 14. Ana bitar ɗaki ne in ya cika, don haka ƙaramin kullum ana cikinsa, babban sai an daɗe. Kwalin takalmi ya isa, katin kuma a yanka daga kwalin sukari. A zaunar da ɗalibai biyu-biyu, wannan ya ɗaga kati wancan ya faɗa, mai ɗagawa ne zai ce ko an dace. Kowa kuma da hannunsa zai rubuta katinsa, malami ya duba ƙugiyoyi kafin ya shiga akwati.