Matuƙan Gondola na Birnin Benis

A birnin Benis na ƙasar Italiya, inda magudanan ruwa suka maye gurbin tituna, baƙon da ke son ganin tsoffin majami'u ta fuskar da magina suka nufa, wato daga kan ruwa, yakan dogara da matuƙan gondola, wani siririn baƙin kwalekwale mai tsawon kusan mita 11. Matuƙin yana tsaye ne daga baya, yana tuƙi da filafili ɗaya tak ta dama, kuma abin da ke hana jirgin karkacewa shi ne masassaƙa sun sa ɓarin hagu ya fi na dama faɗi. Filafilin yana hutawa a kan forkola, wani murɗaɗɗen itace mai gurabu da yawa, kowanne da aikinsa, na tafiya, na juyawa ko na tsayawa.

Da wannan gwaninta, wadda sai an ci jarrabawa ake ba da lasisinta, suke ratsa ƙarƙashin gadar Riyalto, su kai baƙo gaban majami'ar Santa Mariya della Salute, wadda Baldassare Longhena ya tsara bayan wata annoba da ta auka wa birnin a 1630. Sun cancanci jinjina musamman saboda igiyar ruwan jiragen injin da suke fama da ita kullum, amma ba su saki filafili ba.