Dune: Part Two, Yaron da Hamada Ta Naɗa Mahadi

Sai da na kalli Dune: Part Two sau biyu kafin na iya cewa uffan a kansa. A kallon farko ido da kunne ne kawai suka ƙoshi. A na biyu na fara gane inda darektan, Denis Villeneuve ɗan ƙasar Kanada, yake jan mai kallo.

Fim ɗin ya fito a watan Maris na 2024, ya ɗora a kan kashin farko na 2021, dukansu kuma daga littafin da Frank Herbert ya wallafa a 1965 aka ɗauko su. An yi wa gidan sarautar Atreides kisan kiyashi, Paul, magajin gidan, da mahaifiyarsa Jessica sun tsira da ƙyar, sun fake wurin Fremen, mutanen hamadar duniyar Arrakis. A yashin wannan duniyar kaɗai ake samun sinadarin da ake keta sararin samaniya da shi, don haka kowane mai ƙarfi ya zuba mata ido. Wanda ya san rigimar man fetur ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

An ɗauki hamadar a Jordan da Abu Dhabi, kuma mai ɗaukar hoto Greig Fraser bai yi mata kwalliya ba, ya bar ta da zafinta da faɗinta. Mutum kan zama kamar tururuwa a gindin tudun yashi. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙananan al'adun da aka gina wa Fremen: tafiyar da suke yi a karkace don kada sawunsu ya kira ƙatuwar tsutsar yashi, da yadda suke tatse ruwan jikin mamaci su adana, har hawaye ma ɓarna ne a wurinsu. Ranar da Paul ya fara hawan tsutsar kuwa, ƙura ta rufe komai, ƙarar ta cika ƙirji, kiɗan Hans Zimmer ya zo daga baya kamar hadari. Ban yi mamaki ba da fim ɗin ya ci Oscar biyu a 2025, ɗaya na sauti ɗaya na siddabarun hoto. Akwai kuma fagen dagar da Austin Butler ya fito a matsayin Feyd-Rautha, abokin gābar Paul, inda aka janye launi gaba ɗaya, fata ta koma kamar alli. Abin tsoro ne, kuma ya yi kyau.

Amma duk wannan ado ne a kan ainihin maganar. Fremen suna jiran mai ceto, suna kiransa Mahadi da Lisan al-Gaib. Bahaushe ba sai an fassara masa waɗannan kalmomi ba, kuma tarihinmu ya san abin da jiran Mahadi kan haifar, daga Sudan har Satiru a 1906. A cikin labarin, wata ƙungiyar mata masu makirci, Bene Gesserit, ita ta shuka wannan tsammani tun da daɗewa don ta ci moriyarsa. Paul ya san haka, ya yi ta gudun rawanin, ƙarshe ya ɗaura shi da hannunsa. Timothée Chalamet, wanda ya fito a Paul, ya iya wannan sauyi, muryar yaro mai kunya ta rikiɗe ta zama tsawa. Javier Bardem, wanda ya fito a Stilgar, jagoran Fremen, da farko dariya yake ba mutum saboda duk motsin Paul alama ce a wurinsa. Can gaba dariyar sai ta ɗauke, don ka ga dattijo mai hankali ya miƙa wuya gaba ɗaya.

Ina da ƙorafi biyu. Duk da tsawon minti 166, yaƙin ƙarshe an yi shi a gurguje, kuma Christopher Walken, wanda ya fito a sarkin sarakuna, kusan zama kawai ya yi. Sannan fim da ya ari Larabci da shigar mutanen hamada haka, ya kamata a ga 'yan wasan yankin da yawa a manyan gurabe.

Inda Villeneuve ya saɓa wa littafin, nan ya fi yin daidai. Chani, masoyiyar Paul 'yar Fremen, wadda Zendaya ta fito a matsayinta, ta ƙi gaskata labarin mai ceto, tana ganin da shi ake ɗaure mutanenta. Lokacin da Paul ya karɓi mulki ya nemi auren gimbiya Irulan, jama'a suka durƙusa, ita ta tsaya a tsaye. Jiragen yaƙi na tashi, ta fita hamada ita kaɗai, ta kafa na'urar kiran tsutsa a yashi, fuskarta a murtuke, leɓenta na rawa. A kan wannan fuskar aka rufe fim ɗin.